Gwangwani Maimakon Safaya

Kaset na Nércida, daga Loma Prieta, zuwa ga mijinta Radhamés a Nueva York

Yana ɗauka? Jar wutar ta kama. To.

Radhamés, ni ce, Nércida. Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, ina fata sanyin can bai tayar maka da tarin nan naka ba. Mamarka tana nan lafiya, ƙafar ce dai kamar kullum. Akuyar ta haihu. Ruwa ya yi yawa bana, rogon gefen rafi duk ya ruɓe. Ni lafiyata ƙalau. 'Yarmu Yokasta ce ba lafiya. In a tsaye kake ka nemi wuri ka zauna.

Rikodar Minga, wadda ta zo ganin gida daga wajenku, na aro, ita ce kuma za ta kawo maka kaset ɗin in ta tashi komawa. Ban san yaushe jirginta ba.

Ranar Lahadi ce, bayan an taso coci. Ka san yadda sikilar nan take mata, hannu da ƙafa, ta yi ta kuka, in dafa ruwa in gasa mata. To wannan karon ba haka ba ne. Tana cin shinkafa da wake sai cokali ya faɗi daga hannunta. Na ce ɗauki mana. Ta kasa. Na dubi fuskarta, bakin ya karkace gefe guda. Na sungume ta na fita ko takalmi ban sa ba.

Ƙaninka Amaury yana gaban kantin Chepe yana goge motar. Jar motar nan da ka aiko ta jirgin ruwa, wadda ka ce ta Yokasta ce, duk ranar da ciwo ya tashi ba sai mun jira motar haya ba. Na shiga na ɗora ta a cinya, tunda kujera biyu ce kawai, kai ka sani.

Ya yi gudu, ba zan yi masa ƙarya ba. Har muka gangara wajen rafi, inda ruwa ya cinye hanya ya bar duwatsu tsirara. Sai na ji fam! Motar ta ja gefe ta tsaya. Ya fita, na fita. Tayar gaba ta tsage ta gefe, tsagar da hannuna zai shiga. Na ce, Amaury, ciro safaya mana, me kake kallo? Bai motsa ba. Na ce buɗe but ɗin, don Allah buɗe! Ya buɗe.

Sipika, Radhamés. Sipika manya baƙaƙe kamar tukwanen biki, sun cika ramin da ya kamata taya ta kwanta. A gefensu wani gwangwani mai ɗan tiyo a baki. Ya ɗauka ya girgiza, ya ɗaura a bakin tayar, ya danna. Farar kumfa tana shiga ta nan tana fita ta tsagar, tana zuba a kan dutse kamar madarar da aka manta a wuta. Ya yi ta dannawa har ya ƙare. Sai ya tsaya da gwangwani a hannu yana kuka. Shi ne ma mai kuka!

Lahadi ce, babu mota a hanya. Na rungume ta na kama tafiya. Tana kallona da ido ɗaya, ɗayan ya kwanta. Ina kiranta, ina ce mata Yoka, ga Mami, kada ki yi barci. Inuwar bishiyoyi ta tashi daga wannan gefen hanya ta koma wancan kafin motar ayaba ta zo. A kan ayaba muka shiga birnin Santiago, inda asibiti yake.

An ƙara mata jini. Tana raye. Amma ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, maganar ma ba ta fita. Likitar ta tambaye ni me ya sa muka daɗe. Me zan ce mata? In ce kiɗa ne ya tsayar da mu? Ta ce abin yana iya dawowa, in kuma ya dawo muka sake makara haka, babu abin da za ta iya yi. Tun daga ranar ko numfashinta ya sauya sai in miƙe tsaye. Tsoro nake ji, Radhamés. Ko fitsari ba na iya zuwa in bar ta.

Ƙaninka ne ya yi min wannan. Ya cire tayar 'yata ya sa kiɗa, don 'yan matan bakin kanti su juyo su kalle shi. Ya zo asibiti da lemo a leda. Na ce, ina safayar? Ka sayar ko ka jefar? Ya sunkuyar da kai ya miƙo min ledar. Na watsa masa lemon a ƙirji.

Na gaya wa yayana Eladio. Ba zan ɓoye maka ba, na ce masa ina so in ji ihun Amaury daga nan inda nake zaune. Kai kuma ka aiko a ƙwace makullin, ka gaya wa Mamarka ba ka da ƙani. In ba ka yi ba, na san wanda ka zaɓa.

Tana motsi. Bari in kashe.

Kaset na Radhamés, daga Nueva York, wanda ya ɗauka kafin na Nércida ya iso masa

Nercy! Kyakkyawata! Mijinki ne, in ba ki manta muryarsa ba. Mamá, na san kina gefe kina ji, ki sa min albarka. Chepe, ɓarawon wasan domino, na san kai ma ka zo jin gulma, ina gaishe ka. Ina lafiya lau, tarin ya tafi. Aiki ne dai, tasi daga safe har ƙafa ta kumbura. Ina Yokasta ta Papi? Na saya miki takalmi mai wuta a dunduniya, in kika taka sai ya haska. Sai kin gan shi.

To ya motar? An ce da ta shigo gari har fada, limamin coci, ya leƙo ta taga. Haka nake so! Su waɗanda suka ce Radhamés ya tafi wanke kwanukan Turawa, yanzu su fito su wanke idonsu.

Nercy, ki taimake ni da Amaury. Yaron nan ya dame ni. Saƙo kan saƙo, duk wanda ya zo daga gida sai ya ce Amaury ya ce a aiko masa da safaya, wai hanyar rafi ba kyau, wai yana tsoro saboda yarinya. Kai Amaury, kana ji? Tsohuwa kawai! Ni na cire safayar nan da hannuna, a nan garejin abokina, kafin a sa motar a jirgi. Ka san tsawon lokacin da na ɗauka ina neman sipikar da za ta zauna daidai a ramin nan? Mai garejin ya tambaye ni, ya ce zaɓi ɗaya, ko taya ko kiɗa, but ɗin ba zai ɗauki biyu ba. Na ce kiɗa mana, wa ke jin ƙarar safaya daga nesa?

Gwangwanin nan da na sa a gefe shi ne safayar zamani. Kowa a nan shi yake riƙewa. Ƙusa ta shiga, ka girgiza, ka fesa, ka wuce abinka, ko hannunka ba zai yi datti ba. Motar gudu ba a loda mata kaya kamar alfadari. Kuma kada in ji ka taɓa min sipika. In na zo Disamba na tarar an kwance ko waya ɗaya, ni da kai ne.

Ranar bikin waliyyin gari ku kai ta filin coci, ku buɗe but, ku ƙure murya. Ina so a ji ta har ƙauyen gaba, a ce ta Radhamés ce.

Nercy, ki ci abinci, an ce kin rame. Ki sumbaci yarinyata. Fasinja na ƙwanƙwasa min gilashi, sai wani kaset ɗin.

Kaset na Nércida

Radhamés, ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya. Mamarka lafiya. Yokasta tana asibiti har yanzu, gwaggona ta Santiago tana zaune da ita. Ta fara haɗiye kunu. Hannun bai motsa ba.

Kaset ɗinka ya iso. Ya wuce nawa a hanya, na gane, don da ka ji nawa ba za ka yi dariyar nan ba.

Na zo gida ɗaukar kaya sai na tarar an taru a barandar Doña Mireya, Mamarka, kamar yadda ake yi in kaset ya zo daga can. Kujeru, kofi, maƙwabta. Amaury ma yana nan a ƙarshen benci, hannunsa a naɗe.

Bari in gaya maka hannun. Eladio ya same shi a gaban kantin Chepe da rana tsaka. Ya kwantar da adda ta faɗinta ya yi ta zabga masa, a baya, a cinya, mutane na kallo. Amaury ya ɗaga hannu ya kare fuska, yatsu suka karye. Hannun dama, wanda yake aski da shi. Da aka gaya min a asibiti na ce madalla. Na faɗa da bakina, gwaggo ta ji ni.

To aka danna kaset. Ka gaida kowa, aka yi dariya. Ka yi maganar takalmi mai wuta, sai matan suka kalli ƙasa. Sannan ka ce, ni na cire da hannuna.

Radhamés, ko cokali ba wanda ya juya a kofi. Kai kuma kana ta surutu a cikin rikoda, kana dariya, kana ce masa tsohuwa. Na juya na kalli Amaury. Na ce, me ya sa ba ka faɗa ba? Na tambaye ka a asibiti! Eladio ma ya tambaye ka kafin ya ɗaga adda! Ya ce, Nércida, yayana ne. In na faɗa aurenku ya mutu, yarinya kuma tana kwance.

An karya masa yatsu yana rufa maka asiri, kai kana can kana kiransa tsohuwa.

Mamarka ta miƙe za ta zare kaset, na riga ta. Na cusa shi a rigata. Ta ce ba ni, maganar gida ce. Na ce nawa ne, ni aka aiko wa. Sai ta sauya fuska. Ta ce macen da ta kawo adda cikin dangi ba ta isa ta riƙe jikarta ba. Ta ce in an sallami Yokasta gidanta za a kawo ta, za ta je wajen mai gari da fada, duk gari ya ga abin da aka yi wa ɗanta, ba wanda zai goya min baya. Ta ce ni ko sunana ban iya rubutawa ba, wa zai saurare ni.

Ina tsoro, ba zan ce ba na tsoro ba. Gari yana jin maganarta. In suka ɗauke ta suka dawo da ita saman dutsen nan, hanyar rafi tana nan yadda take. Ciwon zai dawo, likita ta faɗa. Wa zai kai ta? Gwangwani?

Na daina jin haushin Amaury. Na kai masa abinci, ya kasa riƙe cokali, na zauna na ba shi a baki, muna kuka mu biyu. Haushin bai tafi ko'ina ba, Radhamés, wuri ya sauya. Yanzu in na rufe ido kai nake gani a gareji, kana durƙushe, kana mirgino tayar waje.

Motarka tana bayan gidan Chepe. Ka ce a kai ta filin coci ranar biki, a ƙure murya har ƙauyen gaba su ji. Za a kai ta. Ni da kaina zan tabbatar an kai ta.

Kaset na Radhamés

Nercy. Ina gaishe ki. Ban san ma ta ina zan fara ba. Ni ba lafiya, tun da Minga ta miƙo min kaset ɗinki na farko ban ci abin kirki ba. Na biyun ya biyo baya. A cikin tasi na saurara, na faka a gefen titi na yi kuka kamar yaro. Yokasta ta. Ki ce mata Papi yana zuwa. Ki ce mata takalmin yana nan.

Wallahi ban sani ba. A nan titi kamar tebur yake, ƙusa ce kawai matsala, gwangwanin kuma yana aiki, na sha gani. Wa ya san taya za ta tsage ta gefe? Da gwamnati ta gyara hanyar rafin nan da duk wannan bai faru ba. Eladio kuma bai kyauta ba, amma bari, zan aiko wa Amaury sabon injin aski.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne ƙarshen maganarki. Da kika ce za ki tabbatar an kai motar filin coci sai na ce, matata ba ta yar da ni ba. Duk da abin da ya faru tana so a ga kanmu a haɗe. Na gode, Nercy.

Na koma wajen mai garejin. Ya nuna min abu biyu. Akwai wata siririyar taya, 'yar ƙarama, da za ta shiga but in aka cire sipika ɗaya, ɗaya kawai, ɗayar ta zauna. Akwai kuma wani akwati mai babban gwangwani da ɗan famfo da igiyoyin roba na toshe rami, shi ba sai an cire komai ba. Ni na fi karkata ga akwatin, amma wannan karon ke za ki zaɓa. Ki aiko min. Ki kuma ce wa Amaury ya duba ko ƙarfen wilin ya lanƙwashe, don irinsa wahalar samu gare shi.

Maganar Mamá, mun yi waya, ta sauka birni ta kira ni. Ki bar mata yarinyar zuwa Disamba, ke ma ki huta. Gidanta da firji, kuma hankalin mutane zai kwanta. Sai kaset ɗin nan nawa. Ki ɗauki wani abu a kansa, ko waƙa ce, ki shafe. Waɗanda suka ji sun ji, ba sai an ƙara ba. Mutum yana da suna a garinsu, Nercy. Ki tausaya min.

Kaset na Nércida, daga Santiago

Radhamés, ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau, na fara cin abinci. An sallami Yokasta. Mamarka ban san lafiyarta ba, ba ta fita tun ranar biki.

Ka ce in zaɓa, siririyar taya ko akwati. Ka riƙe su duka.

An kai motarka filin coci, kamar yadda ka ce. Shanun noman Eladio ne suka ja ta, da igiya, tana ɗingishi a kan tsagaggiyar tayar, yara na bin ta suna ihu. Muka tsayar da ita daidai ƙofar coci lokacin da ake fitowa da mutum-mutumin waliyyi. Mai gari yana nan da farar rigarsa, fada yana nan, Mamarka tana gaba da kyandir a hannu. Mutanen ƙauyen gaba ma sun zo, ba sai sun ji daga nesa ba.

Amaury ne ya buɗe but da hannun hagu. Ni na saka kaset ɗinka na farko. Na murɗa abin ƙara murya har ya ƙi murɗuwa.

Sipikarka tana da kyau, Radhamés, ba ka yi asara ba. Da ka ce, wa ke jin ƙarar safaya daga nesa, sai da tantabarun kan coci suka tashi. Masu ganga suka tsaya. Masu ɗauke da waliyyi suka tsaya da shi a kafaɗa. Gari duka ya ji dariyarka. Da ya ƙare na mayar da shi baya na sake sawa, saboda tsofaffi masu nauyin kunne. Ban cire hannuna daga kan abin ba.

Mamarka ta ce, mai gari, ka ga irin matar da nake gaya maka. Ya ce, Doña Mireya, na ji abin da na ji, ki tafi gida. Fada ya zo ya tambaye ni ina yarinyar za ta zauna. Na ce inda uwarta take. Ya ce haka ne. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Yanzu muna ɗakin gwaggo a Santiago, bayan asibiti. Daga ƙofa ina hango tagogin. In ciwo ya tashi zan sungume ta in tsallaka titi da ƙafata. Ina wanki da guga a gidajen mutane, tana kwance kusa da ni a tabarma. Loma Prieta ba za ta sake kwana ba. In ka zo Disamba kada ka neme mu a can. Motar tana filin coci inda shanu suka bar ta, ba wanda ya taɓa ta, ba wanda yake so.

Saura abu ɗaya. Ka san kowace safiya yaro yakan nemi albarkar ubansa kafin ya sa komai a baki. Tun da bakinta ya fara motsi take ƙoƙarin faɗa. Kullum tana gwadawa, tana kallon ƙofa. Zan kai mata rikodar baki. Kada ka tura kaset gaba, kada ka rage murya. Ka saurara har ta gama, komai daɗewarta.

Yoka, zo. A'a, bari in ɗaga ki. Yawwa. Ga Papi a ciki, yana jin ki. Faɗa masa.

Al... a... alba...

A hankali, 'yata. Goge bakin. Sake.

Alba... ka... Pa... Pa...

To, ta gama. Tana jira ka amsa, Radhamés. Ga ta nan ta zuba wa rikodar ido. Zan bar kaset ɗin ya yi ta juyawa har ya ƙare.